Karnukan makiyaya da mai doguwar tafiya a keke: me ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya kama hanyar gabas a kan keke, daga Romaniya ya ratsa Bulgeriya da Turkiyya zuwa Jojiya, karnuka iri biyu zai tarar, kuma gara ya san bambancinsu kafin ya zaro kuɗi. Na cikin gari, masu alama maƙale a kunne (shaidar hukuma ta kama su ta yi musu allura), yawancinsu ko kai ba sa ɗagawa idan ka wuce. Na makiyaya su ne abin shiri. A tsakiyar Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, musamman wajen garin Sivas, akwai Kangal, kare mai kaiwa kilo 60, sau da yawa da abin wuya mai ƙusoshi saboda faɗa da kyarkeci. A tsaunukan Jojiya kuma akwai takwaransa, karen makiyaya na yankin Kokasus. Aikinsu gadin garke, kai kuwa a idonsu wani abu ne mai gudu da ya matso kusa da tumaki.

Cire tsere daga lissafi. Keke mai jakunkuna gaba da baya da ƙyar yake wuce kilomita 20 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, lafiyayyen kare yana ninka wannan. Ƙari a kan haka, juyawar ƙafa a kan feda ita ke ƙara zuga shi. Sai dai in kana kan doguwar gangara kuma ka riga ka yi masa nisa.

Abin da aka fi tallatawa shi ne ƙaramar na'ura mai fitar da siririyar ƙara, irin Dazer II. Kunnen mutum yana tsayawa ne a wajen kilohaz 20 (ma'aunin sirantar ƙara), na kare ya wuce nan sosai, shi ya sa ƙarar take damunsa kai ba ka jin komai. Ba ta da nauyi, batir ɗaya ya ishe ta, ba ta raunata dabba, kuma ba wanda zai tare ka a kan iyaka saboda ita. Aibinta babba ne: ba kowane kare take ci ba. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi ba ruwansa da ita, wanda ya riga ya harzuƙa ma yakan yi biris. Dole kuma ka saita ta daidai kansa daga 'yan mitoci kaɗan, to idan uku ne suka kewaye ka, wanne za ka saita? Tana da amfani a kan karen ƙauye mai haushin banza, amma ni ba zan jingina lafiyata da ita a gaban Kangal ba.

Feshin barkono ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Halt!, wanda ma'aikatan gidan waya na Amurka suka daɗe suna ɗauka, an yi shi ne musamman don karnuka, kuma idan ya sami ido da hanci yakan tsayar da kare nan take. Amma a duba sharuɗɗan. Sai ka samu fuska, da hannu ɗaya, keke na rawa, kare na tsalle. Idan iska ta fuskanto ka, kai za ka sha yajin, ga ka a tsakiyar titi ba ka gani. Sai batun doka, wanda masu saye da yawa ba sa tambaya. A Birtaniya makami ne haramtacce, haka a Beljiyam da Holan. A Jamus ana sayar da shi a fili muddin an rubuta a jikinsa cewa na korar dabbobi ne. Ba a shiga jirgin sama da shi a jakar hannu, kamfanoni da dama ko cikin kaya ba su yarda ba. Mai ƙetare iyakoki biyar ko shida sai ya binciki dokar kowace ƙasa, in zai saya ya saya a inda aka halatta. Kada kuma a manta da mai karen: makiyayin da ya ga an fesa wa karensa yaji ba shayi zai ba ka ba. Akwai feshi mai sauƙi na man citronella (wata ciyawa mai ƙamshin lemo), wanda warinsa kawai ke korar kare, amma ƙarfinsa bai kai ba.

Hon ɗin iska irin AirZound, wanda ake cikawa da famfon keke kuma ƙararsa ta kai desibel 115 (ma'aunin ƙarfin ƙara), yakan firgita kare na ɗan lokaci. Fa'idarsa ta gaskiya biyu ce: direban babbar mota yana jin sa, makiyayin da ke can nesa ma yana ji ya kira karnukansa. Don wannan kaɗai na fifita shi a kan na'urar farko.

Abin da ya fi duk waɗannan aiki kuwa ba a sayar da shi. Taka birki tun kafin kare ya iso, ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, ka daka masa tsawa da murya mai kauri, sannan ka ci gaba da tura keken a hankali ba tare da ka ba shi baya ba. Da zarar ya ga mutum a tsaye maimakon abu mai gudu, yawanci zafinsa ya ragu, idan ka fita yankin garken kuma sai ya koma. Dabarar da kowane yaro ya sani a ƙauyukanmu tana ci a can ma: sunkuya kamar za ka ɗauki dutse. Feshin ruwa daga gora a fuska yana taimakawa. Sanda mara nauyi a ɗaure a jikin keke ba laifi, amma don nunawa da tsare tazara. Kai duka kana kan keke hanya ce ta faɗuwa, ko sandar ta shige cikin taya.

Idan kuɗin abu ɗaya ne da kai, kai su asibiti kafin ka tashi. Cutar haukan kare tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tsira. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi sau biyu, mako guda tsakaninsu. Wanda ya yi ta, idan aka cije shi, ƙarin allura kawai zai buƙata. Wanda bai yi ba, idan cizon ya huda fata, sai an haɗa masa da maganin immunoglobulin da ake yi a bakin raunin, mai tsada da wuyar samu a ƙananan garuruwa. Ko da rigakafi ko babu, cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a nemi asibiti a ranar, a kuma tambayi likita batun allurar tetanus.