Hattara da masu tallar jiragen Flight Simulator da X-Plane a dunƙule

Jama'a masu tuƙa jirgi a kwamfuta, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da Telegram da ƙarƙashin bidiyoyin YouTube wadda ya kamata a san cikinta kafin a tura ko sisi. Mai tallar zai ce yana da jiragen fasinja arba'in ko hamsin a dunƙule, har da PMDG 737 da 777, da Fenix A320, da ToLiss A321, duka a kan kuɗin da bai kai rabin farashin guda ɗaya ba. Ka biya, ya turo maka mahaɗin saukewa. A yi lissafi tukuna. Da Fenix ta fitar da A320 ɗinta a watan Mayun 2022, kusan fam 50 ta sa masa. PMDG 737-800 shi kaɗai ya kai wajen dala 70. Kamfanonin nan da ke ƙera jiragen, wato PMDG da Fenix da ToLiss, kishiyoyin juna ne a kasuwa, ba sa tara kayansu a hannun dillali ɗaya. Sannan Fenix A320 na Microsoft Flight Simulator ne, ToLiss A321 kuwa na X-Plane ne, tsarin fayilolinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Duk wanda ya ce kayansa "yana aiki a kowace manhaja", ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da sabon shiga bai cika ganewa ba shi ne, a wannan harka ba fayil ake saya ba, lasisi ne da aka ɗaure a jikin asusunka. Jirgin Fenix ta manhajar girkawa ta kamfanin yake sauka, kuma sai ka shiga da asusunka. Na PMDG da aka saya a shagonsu ta manhajarsu mai suna Operations Center ake girkawa da sabuntawa. ToLiss zai nemi lambar lasisi a karon farko da ka ɗora jirgin a X-Plane. Abin da ka saya a Marketplace, wato shagon da ke cikin Flight Simulator, yana manne da asusun da ka saya da shi. Masu Xbox kuwa ba su da foldar Community (inda masu kwamfuta ke zuba ƙarin jirage) kwata-kwata, ta Marketplace kaɗai jirgi ke shiga musu, don haka mai cewa zai turo maka jirgi ka zuba a Xbox ya gama tona wa kansa asiri.

To me ke cikin ƙunshin? Mafi sauƙin cutarwa shi ne ka tarar da kayan kyauta ne aka sauya musu suna. Wannan dabara ta daɗe. FlightGear manhaja ce ta kyauta tun shekarun 1990, amma an yi shekaru ana sayar da tsohon zubinta na 1.9.1 da sunaye irin su Flight Pro Sim da Pro Flight Simulator da Virtual Pilot 3D, har sai da masu gina ta suka fito suka bayyana wa jama'a cewa ba su da hannu a ciki. Lasisin GPL da ake raba FlightGear a ƙarƙashinsa bai hana a sayar ba, wannan gaskiya ne. Yaudarar tana wajen ɓoye wa mai saye cewa sabon zubi yana can kyauta. Yanzu haka ake yi da A32NX da A380X na FlyByWire, da A330-900 na Headwind, da Zibo 737-800 na X-Plane, waɗanda duka kyauta ake ba da su. Ganewa ba wuya. In na Flight Simulator ne, buɗe foldar jirgin, ka buɗe manifest.json da Notepad, ka duba layin creator da na package_version. Akasarin 'yan damfarar ba sa ko wahalar da kansu wajen goge sunan masu asalin aikin. Kuma hasarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Zubin da suke rabawa tsoho ne, da zarar Asobo, kamfanin da ke gina Flight Simulator, ta fitar da sabuntawar manhajar da ake kira Sim Update sai ka ga allunan ɗakin matuƙi sun yi baƙi, ko matuƙin atomatik ya ƙi kama hanya, ko manhajar ta rufe kanta tana tsakiyar lodi.

Akwai kuma sayar da fenti a matsayin jirgi, kuma wannan yana kama mutanenmu saboda sha'awar ganin jirgin gida. Za a nuna maka hoton 747 da fentin Max Air ko 777 da fentin Air Peace, a ce ga jirgin da za ka tashi da shi daga Kano zuwa Jidda. Fenti hoto ne kawai da ake lulluɓa wa jirgin da ka riga ka mallaka. A Flight Simulator 2020 ka buɗe foldar abin da aka turo maka, ka shiga SimObjects, sannan Airplanes, ka buɗe aircraft.cfg. In ka ga layin base_container yana nuni zuwa wani jirgi, fenti ka saya, kuma in ba ka da wancan jirgin ba abin da zai bayyana a jerin jiragenka. Jirgi na gaske yana zuwa da flight_model.cfg da engines.cfg da systems.cfg nasa. A X-Plane, in babu fayil mai ƙarewa da .acf babu jirgi. Dubban fentuna suna nan kyauta a Flightsim.to da X-Plane.org.

Ɗan'uwan wannan shi ne jirgi mai ƙwarya ba ciki: an zana jikin waje da kyau, an ɗora shi a kan na'urorin 747 ko A320neo da suka zo da manhajar tun asali. Irin wannan har a shagunan halal ana samunsa, doka ba za ta kira shi zamba ba, amma a ganinmu sayar da shi da kalmomin "kamar na gaske" cin amanar mai saye ne. Hoton waje da rana tana faɗuwa ba ya gaya maka komai. Nemi bidiyon da aka tayar da jirgin daga kashe, komai a mace: a kunna batir, a tayar da APU (ƙaramin injin da ke ba jirgi wuta da iska), a buɗe iskarsa, a saita IRS (na'urar da ke gano inda jirgi yake) a jira mintunan da yake ɗauka kafin ya daidaita, a shigar da hanya cikin FMC (kwamfutar tsara tafiyar jirgin) har da SID da STAR, wato tsararrun hanyoyin fita daga filin jirgi da na shiga. In rabin maɓallan saman kai ba sa motsi, ko bidiyon tallar bai shiga ɗakin matuƙi ba sam, ka samu amsarka.

Mafi muni shi ne wanda ake kira fasasshen jirgi, wato na kuɗi da aka ce an cire masa makulli. Nan ne ake cusa manhajar satar bayanai irin su RedLine da Lumma. Ba ƙananan abubuwa ba ne: 'yan sandan Holan da abokan aikinsu sun tarwatsa sabobin RedLine a watan Oktoban 2024, Microsoft kuma ta sanar a watan Mayun 2025 cewa ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu. Aikinsu ba ya ɗaukar lokaci. Kana danna setup.exe sai su kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a Chrome ko Edge, da lambobin katin banki, da fayilolin walat ɗin kirifto, da shaidar shiga Steam da Discord. Har da kukis na burauza suke ɗauka, kuma da su ɓarawo zai shiga imel ɗinka ba tare da an tambaye shi lambar tabbatarwa da ake turo maka a waya ba, domin shafin yana ganin kai ne ka riga ka shiga.

Alamominsa a bayyane suke. Fayil ɗin RAR ko ZIP ne mai kalmar sirri, an rubuta ta a fili kusa da mahaɗin. Ba don tsare ka aka sa ta ba, don kada manhajar tsaro ta iya leƙa cikinsa yayin saukewa ne. Za a ce ka kashe Windows Defender "na ɗan lokaci". Wani lokaci ƙunshin ƙarami ne amma in ka warware shi sai .exe ɗin ya kumbura ya haura megabait 650, an cika shi da sifilai ne don ya wuce iyakar abin da VirusTotal, shafin da ke bincikar fayil ko yana ɗauke da muguwar manhaja, ke karɓa. Sai dai a lura, zuwa da .exe shi kaɗai ba laifi ba ne, Fenix da FlyByWire ma da shi suke girkawa. Abin dubawa shi ne daga wane adireshi ya fito, harafi bayan harafi, da kuma sunan da ke shafin Digital Signatures in ka buɗe Properties na fayil ɗin. Kuma kada a ɗauka haɗarin daga ɓarayi kaɗai yake zuwa. A watan Fabrairun 2018 an gano cewa Flight Sim Labs ta saka wani test.exe mai kwashe kalmomin sirrin Chrome a cikin manhajar girka A320 ɗinta. Kamfanin ya ce masu amfani da lambobin sata ya nufa, ya kuma cire shi bayan an yi masa ca.

Sai masu sayar da asusu. Shekarun da bankunan Najeriya suka taƙaita sayayya da katin naira a shafukan waje sun tura mutane da dama hannun masu "bari in saya maka". Wani zai ba ka asusun Steam ko Microsoft da jirage a ciki. Dokokin kamfanonin sun hana sayar da asusu, kuma mai asusun na farko yana iya karɓe abinsa duk ranar da ya ga dama, tunda shi ke da rasit ɗin farko. Wani kuma lambar lasisi ta gaske zai ba ka, amma da katin sata aka saye ta. Ranar da mai katin ya kai ƙara bankinsa, kuɗin ya koma, a soke lambar. In kuwa ka shigar da asusun Microsoft na wani a matsayin asusun Windows ɗinka gaba ɗaya, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yana iya kwafe takardunka zuwa wurin mai asusun, makullin BitLocker da ke kulle faifanka ma yana iya ajiyuwa can.

Hanyar biyan da suke nema ita ma shaida ce: katin kyauta (gift card), USDT, tura kuɗi asusun wani mutum, ko PayPal ta zaɓin Friends and Family, wanda ba shi da kariyar mai saye. Zaɓin Goods and Services ne ke ba da kariyar mai saye da damar shigar da ƙorafi. Shagunan da aka sani su ne na kamfanonin da kansu, da simMarket, Aerosoft, Just Flight, Orbx, iniBuilds da X-Plane.org Store, kuma sukan yi rangwame lokacin Black Friday. Wanda aljihunsa bai kai ba, A32NX da Zibo sun ishe shi koyon aiki na tsawon lokaci, ga SimBrief na tsara hanya da VATSIM na magana da hasumiya, duka kyauta.

Wanda ya riga ya danna irin wannan fayil, goge shi daga Community ba ya maganin komai, an riga an kwashe abin da za a kwashe. Ya cire kwamfutar daga intanet. Daga waya ko wata kwamfuta mai tsabta ya fara sauya kalmar sirrin imel, domin ta nan ake karɓe sauran asusai, sannan ya zaɓi fitar da duk na'urorin da ke ciki don kukis ɗin da aka sata su mutu. Ya yi haka ga Microsoft da Discord da Steam, inda zai danna Deauthorize all other devices a saitin Steam Guard. Ya kira banki a toshe duk katin da ya taɓa ajiyewa a burauza. Mai kirifto ya buɗe sabon walat da sababbin kalmomin sirri na maido da walat (seed phrase) ya mayar da kuɗinsa can, tsohon ya ƙone. Daga nan sai a sake zuba Windows daga filash ɗin da aka haɗa a wata kwamfutar, kuma a cikin abubuwan da za a kwafo daga tsohon faifan kada a haɗa da ko .exe ɗaya.