Zaman Natsuwa Ga Mai Farawa: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bari?

Zaman natsuwa da muke nufi a nan atisaye ne na horar da hankali: ka zauna, ka sa hankalinka kan numfashi, idan ya tsere ka maido shi. Babu kirari, babu kalmar da ake maimaitawa, kuma ba ya maye gurbin salla ko zikiri. Tsarin da ya fi shahara a asibitoci shi ne wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, na mako takwas, ana yin kusan minti 45 kullum. Ya samo dabarun daga al'adar mabiya Buddha, sannan ya cire ɓangaren ibada. Gara mai karatu a Sakkwato ya san wannan tun farko, don ya iya tantance abin da ake tallata masa.

Shawararmu a watan farko: kada ka biya kuɗin manhajar waya mai koyar da zaman. Abin zama kawai ya cancanci kuɗinka.

Dalili shi ne masu farawa da yawa ciwon baya da mutuwar ƙafa ke korarsu. Idan ka zauna a tabarma kai tsaye, gwiwa tana ɗagawa sama da ƙugu, ƙasan baya ya lanƙwashe, kafin minti goma kana ta mutsu-mutsu. Maganinsa ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo. Matashi mai tauri wanda zai ɗaga ka kamar santimita 10 zuwa 15 bayan ka zauna a kai ya isa. Na audugar rimi ya fi na soso, don soso yana lotsewa har ƙasa. Matashin da ake sayarwa a Turai da sunan zafu ma, sau da yawa da audugar rimi ake cika shi, to babu dalilin yin oda daga waje. Ka kai wa tela yadin auduga mai kauri ya ɗinka maka zagaye, ya sa zif a gefe don ka riƙa ƙara auduga idan ta kwanta. A kasuwa kuwa kada ka gwada da hannu, ka zauna a kai, a bakin matashin, ka ga ko gwiwoyinka sun sauka kusa da tabarma.

Tumtum na fata da dukawanmu ke yi yana da kyau da ƙarko, amma yawanci ya yi tsawo ga zaman harɗe, kuma a zafin Afrilu fata tana manne wa jiki. Ya fi dacewa da mai son zama ƙafa a ƙasa. Mai ciwon gwiwa ko mai tsohon ciki, kujerar roba ta wadatar: tafin ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe ba a jingine ba.

Sai jagora. Agogon wayarka shi ne mafi araha: ka kashe data, ka saita minti 5 da ƙara mai laushi. Ba ya cin caji, ba ruwansa da ɗauke wuta. Matsalarsa babu mai gaya maka idan ka kauce.

A cikin manhajojin kyauta, Medito ta wata gidauniya ce da ba ta neman riba, tana da darussan masu farawa a jere, kuma ita muka fi ba da shawara. Insight Timer tana da agogo mai ƙararrawa da dubban darussa, sai dai kasuwa ce a buɗe, malamai na kowace aƙida sun zuba kayansu, har da masu waƙe-waƙen bauta. Idan ka sauke ta, ka yi amfani da agogon, ka karanta bayanin darasi kafin ka kunna. Headspace, wadda aka kafa a 2010, da Calm, ta 2012, suna da tsari mai kyau, amma biyan wata-wata ko shekara-shekara ake yi, gwajin kyautar kuma da kansa yake komawa na kuɗi idan ba ka soke ba. Da yawa sai sun ga saƙon banki suke tunawa. Yawanci da Turanci za ka ji jagorar, don haka wanda Turanci ke ba shi wuya gara ya tsaya kan agogo. Tsarin Transcendental Meditation kuwa ana biyan malami, ana ba ka kalma ta Sanskrit ka maimaita, akwai kuma wani ɗan biki na gargajiyar Indiya wajen koyarwa. Ba shi ne abin da kake nema ba.

Yadda za ka yi: ka runtse ido ko ka sauke shi ƙasa, ka bar numfashi yadda yake, ka ƙirga ɗaya duk fitar iska har goma, ka sake daga ɗaya. Idan ka tsinci kanka kana lissafin bashi ko cefanen gobe, ba ka fāɗi ba, wannan maidowar ita ce aikin. Minti 5 kullum na mako biyu, sannan ka kai 10. Kada ka riƙa jan numfashi da ƙarfi, shi ke kawo jiri. Bayan tuwon rana gyangyaɗi za ka yi, sanyin safiya ya fi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Lokacin hunturu da ƙura ke toshe hanci, ka ɗora tafin hannu a ciki ka bi tashinsa da saukarsa.

Wanda zaman ke tayar masa da firgita, bugun zuciya ko tunanin wani bala'in da ya taɓa gani, ya buɗe ido ya tashi, kada ya tilasta wa kansa. Idan abin ya maimaitu, ko akwai baƙin ciki mai hana barci da cin abinci, ya ga likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kafin ya ci gaba.