Wata shida da zanen ruwan Legas a falona

Tun ranar da na kai baƙina gidan zane-zane na Nike da ke Lekki na ƙudurta sai na mallaki zanen hannu, ba irin hoton kalandar da inji ke bugawa ba. Muna hawa benaye muna kallo, ni kuwa idona bai tsaya ko'ina ba sai kan zanen ruwa da gajimare da itatuwa. Zanen da babu surar mutum ko dabba a cikinsa zan iya rataye shi a falo, in shimfiɗa darduma in yi sallah hankalina kwance. Na can sun fi ƙarfin aljihuna, sai wani abokin kasuwancina a Mile 12 ya haɗa ni da wani matashi mai zane a wajen Bariga.

Na faɗa masa abin da nake so: ruwan Legas da sanyin safiya, gadar Third Mainland daga nesa, kwale-kwale biyu babu kowa a ciki, ruwa garau. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ranar Asabar ka zo mu je bakin ruwan tare kafin in taɓa fenti."

Na je bayan sallar asuba. Shekara goma sha huɗu ina bin gadar nan, mai tsawon kilomita 11.8, amma daga tagar mota kawai nake hango ruwan. A kusa wani abu ne daban. Ledar ruwa da robobin lemo sun yi layi a gaɓa, ga fararen robobin abinci irin waɗanda gwamnatin jihar ta haramta a 2024 suna nan suna yawo. Can gaba masu haƙar yashi suna aiki, ruwan da ke kewaye da su ya koma kalar kunu. Ga kuma ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke shimfiɗuwa a kan ruwa kamar kainuwa, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shigo ruwan Legas a shekarun 1980, tana toshe wa masunta hanya. Ya ce zai iya zana mini ruwa garau idan na nace, amma shi abin da idonsa ya gani ya fi iya zanawa. Raina bai so ba da farko, don kuɗina ne kuma falona ne. Na dai ce masa ya yi yadda ya gani.

Aikin da ya kawo ya fi abin da na roƙa. Fentin mai ne a kan ƙyalle mai kauri. Sama ta cinye fiye da rabin zanen, ja-ja-ja na ketowar alfijir yana narkewa cikin toka-toka, gadar kuma siririn layi ce kawai a can ƙarshe. Daga bakin ƙofa kyawun hasken kaɗai za ka gani. Sai ka matso kamar taku biyu za ka lura da ɗige-ɗigen fari a gaɓa, waɗanda ya ɗora da bakin 'yar wuƙa har suna da tudu idan ka shafa. Ledoji ne. A gefen hagu ya bar kututture huɗu na itatuwan bakin ruwa masu saiwa a waje, waɗanda aka sare, kuma a cikin saiwar irinsu ne ƙananan kifaye ke fakewa kafin su girma. Bai cika zanen da shara don ya tsorata mai kallo ba, bai kuma share ta ba.

Kawuna ya zo daga Haɗeja duba lafiyarsa, ya sauka a wurina. Ya daɗe tsaye gaban zanen da carbinsa a hannu, sannan ya nuna ciyawar ya ce, "Ɗana, ashe su ma suna da tasu kachallar." Daga nan hira ta ɓarke har bayan isha'i. Ya tuna mini yadda kachalla ta cike hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, lokacin da tafiyar ruwan ta sauya, gonakin shinkafa da wuraren su suka ragu. Ban taɓa zaton zanen Legas zai sa dattijon nan ya yi ta ambaton sunayen fadamun ƙuruciyarsa ɗaya bayan ɗaya ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Mai zanen ya yi mini alkawarin mako uku, sai da aka yi bakwai. Ya ce damina ce ta hana fentin bushewa, na kuma yarda, don laimar Legas ko wanki ba ta bari ya bushe, amma da ya faɗa mini tun farko da ban yi ta kiran waya ba. Katakon da ya zagaye zanen da shi kuma bai bushe sosai ba. Wata biyu da ratayewa kusurwa ɗaya ta buɗe, na juya bayan ƙyallen na tarar da fumfuna ta fara tohowa. Ya zo da kansa ya sauya katakon bai karɓi ko sisi ba, ya manna ƙananan robobi a baya don iska ta riƙa ratsawa tsakanin zanen da bango. Duk mai niyyar saye ya tambayi wannan tun kafin ya biya, kuma kada ya rataye a bangon da ke jiƙa ko inda rana ke dukansa kai-tsaye.

Na riga na ba shi kafin alƙalami na zane na biyu. Idan Allah ya kai mu bayan damina zan ɗauke shi mu tafi Haɗeja, Kawu ya ce shi zai shiga da mu fadamar a kwale-kwale.