Garejin da Ya Tsayar Min da Yoyon Man Birki

Babur ɗina Bajaj Pulsar ne mai birkin diski a gaba, kuma na shekara huɗu ina hawansa birkin bai taɓa ba ni kunya ba, sai a watan jiya da fad ɗinsa, wato abin da ke matse diskin idan an ja birki, ya cinye na kai shi wurin wani bakanike a unguwarmu. Ya kwance kalifa, wato gidan da fad da fistin ɗin da ke tura shi suke ciki, ya cire tiyon mai, ya wanke komai da fetur a cikin wani tsohon kwano, ya tura fistin da sukudireba, ya mayar ya ɗaure. Bayan kwana biyu na tarar da ɗigon mai a simintin zauren da nake ajiye babur, hannun birki kuma ya yi laushi har yana neman taɓa maƙallar totur kafin ya kama. Da na koma masa, sai ya ɗauki sifana ya ƙara matse nocin tiyon, ya cika kofin mai, ya ce shi ke nan. Yoyon bai tsaya ba.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min garejin da nake son yin magana a kansa. Yana cikin wani lungu a Fagge, nan Kano, ba shi da allon suna, rumfar kwano ce da benci ɗaya da yara uku masu koyon aiki. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gano daga inda man yake fitowa. Ya sa yaro ya wanke kalifar da ruwa da sabulu, aka goge ta ta bushe ƙarau, sannan ya daka alli ya barbaɗa a kan nocin tiyo da ƙaramin nocin fitar da iska da kewayen fistin. Ya ja hannun birki ya ɗaure shi da yankin tsohon tuf domin man ya zauna cikin matsi, ya ce min, "Malam, je ka yi sallah ka dawo, shi zai faɗa mana da bakinsa." Da na dawo, allin ya yi duhu a wuri biyu: a ƙarƙashin nocin tiyo da kuma gefen fistin ɗaya. Na wurin fitar da iska yana nan fari tas.

Wannan mataki shi ne ya bambanta shi da yawancin masu gyaran da na sani, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Baburan da suka cika gari, irin su Boxer da Jincheng, birkin shu gare su wanda ake ja da waya ko sanda, kuma maganin kusan kowace matsalarsa shi ne a ƙara ɗaurewa. Wanda ya tashi a kan irin wannan aikin, idan aka kawo masa birkin mai, hannunsa zai kai ga sifana tun kafin idonsa ya duba.

Matsalar nocin tiyon ta wosha ce. Nocin yana da rami a cikinsa wanda mai ke bi, kuma kan tiyon yana zama ne tsakanin wosha biyu na jan ƙarfe ko alminiyam, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ƙarfen nasu mai taushi ne da gangan, domin idan aka matse su sai su lotsa su cike duk wani ɗan gibi. To, da zarar sun lotsa sau ɗaya sun taurara, ba sa sake kwanciya yadda ya kamata. Maigidan ya ɗora min tsohuwar woshar a tafin hannu, ya nuna min zobe biyu da suka fito a jikinta, na tsohon zama da na sabo, ɗaya ya haye kan ɗaya, kuma daidai mahaɗarsu man yake tsiyaya. Ya ce ƙarin matsewar da aka yi min ya fi yoyon hatsari, saboda jikin kalifar alminiyam ne, idan zarensa, wato haƙoran da nocin ke ɗauruwa a ciki, ya cinye to sai dai a nemi wata, nocin kuma mai rami ne yana iya karyewa. An yi sa'a zaren bai lalace ba.

Yoyon fistin shi ne ya ci lokaci. A cikin kowane ramin fistin akwai roba biyu, ta ciki wadda ke riƙe mai da ta waje wadda ke tare ƙura. Irin robar da ake yin su da ita tana jure man birki, amma ba ta shiri da fetur ko kananzir ko baƙin mai ko giris na gama-gari, da sun taɓa ta sai ta kumbura. Da ya zaƙulo tawa, ta yi laushi ta buɗe kamar taliyar da ta kwana a ruwa, da ya aza ta kusa da sabuwa kuma ko yaro zai ga ta fi ta faɗi. A nan wankin fetur ɗin nan ya yi ɓarnarsa. A cikin kwarin da robar ke zama akwai wani farin dauɗa da ya daskare, ya ce shi ma yana ɗaga roba ya hana ta zama daidai, kuma ƙurar hunturu tana ƙara shi. Da tsinken sakace ya kankare shi, a hankali, kusan minti ashirin, ya hana yaron da ya miƙo masa waya, domin ƙarfe yana karce wurin. Sannan ya bi jikin fistin da farcensa yana neman tsatsa ko rami, ya shafa wa sabuwar robar man birki mai tsabta, ya tura fistin da yatsunsa biyu har ya shige a miƙe.

Fad ɗin da na saya bai yi mako biyu ba, amma ya ce a yar, tunda ya sha mai. Na yi gardama, na tambaya ko ba za a wanke a goge shi da sanfefa ba. Ya ce mai yana shiga cikin naman fad ɗin, idan ya ɗauki zafi sai ya sake fitowa ya shafe diski, kuma shi ba zai sa hannu a mayar da shi ba. Ban ji daɗin kashe kuɗi sau biyu ba, amma a babur birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa, don haka na yi shiru.

Wajen mai ma yana da tsauri. Murfin kofin birki yana ɗauke da rubutun irin man da ya dace, kuma a yawancin baburan da ke nan DOT 3 ne ko DOT 4. Su biyun suna zuƙar danshin iska, danshin kuma yana rage musu juriyar zafi: mizanin DOT 4 shi ne kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyas, amma idan ya sha ruwa mizanin yana sauka zuwa 155, na DOT 3 kuwa 205 ne da 140. Saboda haka ya ƙi amfani da ragowar gorar da na zo da ita, wadda aka buɗe tun bara, ya sa aka sayo sabuwa mai hatimi. Ya kuma gargaɗe ni kada in ga lamba 5 in ɗauka ta fi kyau, domin DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da waɗancan. Wajen fitar da iska, siririn tiyon ƙarin ruwa na asibiti ya saka a bakin nocin, ɗaya bakin a cikin kwalba, yaro yana matsa hannun birki yana riƙewa, shi yana buɗewa yana rufewa kafin yaron ya saki, har kumfa ta daina fitowa.

Garejin yana da nasa gazawar. Ba sa ajiye kayan gyara, don haka sai da na bi yaro kasuwa neman roba da wosha, muka shiga shago huɗu kafin mu samu daidai girman. Aikin da na zata na awa ɗaya ne ya cinye min daga hantsi har bayan la'asar, wurin zama kuma benci ɗaya ne a rana. Ba su da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da jin hannu maigidan yake matsewa, kuma duk da na yarda da hannunsa, ban yarda da na yaransa ba tukuna. Ɗaya daga cikinsu ya zubar da mai a kan madigadin gaba, kuma man birki yana cin fenti. Maigidan ya watsa ruwa nan take ya yi masa faɗa, amma ɗan tabo ya rage. Kuɗin aikin ya kusa ninka abin da aka saba karɓa a bakin titi, ba a ba da rasit, kuma ba ya son ciniki.

Duk da haka, ga mai babur ɗin diski da birkinsa ya fara naso bayan an taɓa kalifa, nan zan tura shi, da sharaɗin ya je da sassafe, ya tsaya sai maigidan da kansa ya karɓi aikin, ya kuma tafi da sabuwar gorar mai. Kafin in tafi ya sake barbaɗa alli a wuraren nan uku, ya ce in ɗaure hannun birki da daddare in duba da safe, idan na ga ko ɗigo in dawo ba zai karɓi ko sisi ba. Yau mako uku ke nan, man yana nan a kan layin sama na gilashin kofi, simintin zaure kuma a bushe yake.