Lauyan waya ko lauyan gari, wa za ka riƙa in za ka sayi gida a Sakkwato?

Yayana da ke aiki Fatakwal ne ya jawo wagga magana, watan jiya ya kira ni wai ya ga gida a Mabera ta hannun wani dillali, hotuna sun yi kyau, kuma ya samu wani shafi a intanet da za su rubuta mashi takardar ciniki cikin kwana ɗaya ba sai ya zo ba, in je in biya kafin alƙalami kawai. Na ce Yaya dakata tukun. Sati biyu na yi ina yawo tsakanin ofis ɗin lauya da ma'aikatar filaye da zauren mai unguwa, to abin da na gano shi ne zan zuba nan ko wani ya amfana.

Mu fara da hanyar da munka gada, dillali ya haɗa ku, a je wurin mai unguwa, a kawo shaidu, a rubuta takarda kowa ya sa hannu, a yi fatiha a biya la'ada a watse. Kada kowa ya raina hanyar nan wallahi, don mai unguwa ya san abin da babu kwamfutar da ta sani, ya san wa ya gina gidan, ya san ɗiyan mamacin su nawa ne, ya san ko an taɓa rigimar iyaka da maƙwabci. Inda ta gaza shi ne wajen hukuma. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen cikin birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma in gida na da satifiket ɗin mallaka wato C of O, sayar da shi bai cika ba a idon doka sai da amincewar gwamna. Takardar zaure ba ta maye gurbin wannan. Mutane da yawa na zaune cikin gidan da sunka biya kuɗinshi tas amma fayil ɗin ma'aikata har gobe sunan mai gidan farko yake ɗauke da shi, sai ranar da za ka nemi bashin banki ko ka tashi sayarwa sannan ido ya raina fata.

Sai na intanet, kuma nan ne mutane ke cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai shafukan da fom kawai suke sayarwa, ka cike suna da adireshi da farashi ya fito maka da agirimen ka buga. Shi ne mafi arha kuma shi ne na fi tsoro. Manyan da za ka fara cin karo da su irin LegalZoom na Amurka ne, dokar can suke bi, ba ruwansu da amincewar gwamna balle kotun shari'a. Ko fom ɗin da anka rubuta a Najeriya, shi fom ba ya tambaya, abin da ka ba shi shi zai maido maka, in mai sayarwa ya yi maka ƙarya fom zai jera ƙaryar cikin Turanci mai kyau. In hayar shago ce ta shekara ɗaya to da sauƙi, amma gidan da ka tara ma kuɗi shekara goma, a'a.

Na biyun shi ne lauyan waya, wato lauya na gaske, mutum mai rai, wanda kuke magana ta WhatsApp ko ta shafin kamfaninsu, yana Abuja ko Legas ko Kaduna. Wannan yana da amfani ƙwarai musamman ga irin Yayana da ke nesa, ka tura mashi hoton takardu da dare ya duba ya ce maka wannan ta yi, wannan babu sa hannu, nemo mani kaza. Ya rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka yadda ya kamata, kuma duk maganarku tana nan rubuce ba a yi musu gobe. Amma fa ka tabbatar lauya ne, don kowa na iya sa baƙar kwat ya ɗauki hoto. Kowane lauya a ƙasar nan sunanshi na cikin rajistar Kotun Ƙoli kuma yana da lamba, ka nemi cikakken suna da lambar, sannan takardar da ya rubuta dole ta zo da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunanshi. Wanda ya fara kame-kame kan wannan ka kashe waya.

Matsalarshi ɗaya ce amma babba ce, ba ya da ƙafa a Sakkwato. Shi kuwa cinikin gida a garin nan rabin aikin na ƙafa ne. Wani sai ya taka zuwa ma'aikatar filaye ya nemi a binciki fayil, a ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan ga banki, ko gwamnati ta soke izinin, ko wurin ma hanyar ruwa ce ko an ware shi don makaranta. Wani sai ya ɗauki safiyo su je a auna a ga fulotin da ke takarda shi ne wanda anka nuna maka, don can bakin gari wajen Kalambaina ko Dambuwa inda gonaki ke komawa fulotai, hili ɗaya sai a nuna ma mutum uku. Don haka tambayar farko da za ka yi ma lauyan waya ita ce, wa zai je maka ma'aikata? In ya ce yana da abokin aiki a Sakkwato ka nemi sunanshi ka je ka gan shi ido da ido. In ya ce ai ba sai an je ba, to rubutu kawai kake saye.

Ga kuma gidan gado, wanda shi ne ya fi kayar da mutane cikin tsohon gari. Gidan da Yayana ya gani ma ashe na gado ne, babban wa ke son sayarwa, kuma akwai ƙannai mata biyu da ke aure wani gari ba wanda ya tuntuɓe su, wannan ba a takarda na gani ba, wani dattijo ne da ke zaune ƙofar masallacin unguwar ya tsegunta mani bayan la'asar. In ba a raba gado ba sai kowane magaji ya yarda ya sa hannu, ko a kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a. Kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai shuf'a, wato in ɗaya daga masu tarayya ya sayar da rabonshi kafin a raba, abokin tarayyarshi na da haƙƙin ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe. Ka ga lauyan da ya tashi Legas, komai iyawarshi, ba lalle wannan ya faɗo mashi a rai ba.

Lauyan gari mai ofis shi ya fi tsada, babu ɓoye-ɓoye, kuma wani sai ka yi ta sintiri yana kotu. Amma ya san ma'aikata, ya san kotun shari'a, in abu ya ɓaci ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Abu ɗaya dai, ka ɗauki naka, kada ka yarda da zancen dillali na ai muna da lauyanmu zai yi maku duka, wanda ke jiran la'ada so yake ciniki ya faɗa ko ta halin ƙaƙa.

Ni dai ga yadda na auna. In kana gari kuma gidan na gado ne ko hili ne marar satifiket, lauyan gari kai tsaye, ka haɗa da mai unguwa. In kana nesa kuma gidan na da C of O da sunan mai sayarwa, irin gidajen rukunin da gwamnati ta gina, lauyan waya zai iya riƙe maka takardu in dai akwai mai zuwa ma'aikata. Mai sayarwa kuwa ya fi kowa samun sauƙi da na waya tunda shi ya san gidanshi, abin da yake bukata a rubuta sharuɗɗan biya dalla-dalla, kuma kada ya saki takardun asali sai kuɗi sun zauna cikin asusu, ba alat ɗin waya ba, ya duba da bankinshi.

Kuɗin ma ta banki za ka tura, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba ba na ɗan'uwanshi ba, kuma ka tanadi na gefe don bayan kuɗin gida akwai na kan sarki da na rajista da na neman amincewar gwamna. Yayana dai ya haƙura da na Mabera, yanzu wani muke dubawa a Arkilla, lauyan wayarshi na karanta takardu daga can, ni kuma ranar Litinin zan koma ma'aikata da safiyo.