Nasaren yarona a Manchesta da awa 15 na gwamnati, abin da na gani bayan zango ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da kuka zo Ingila da ƙananan yara. Yarona ya gama zangonsa na farko a nasare shi ne na ce bari in faɗi yadda muka gani, don wlh da na samu mai min wannan bayanin tun farko da ban yi wata biyar ina cizon yatsa ba.

Ni dai abin da na ji a bakin mutane shi ne duk yaron da ya cika shekara 3 gwamnati na biya mai nasare awa 15 a sati. Gaskiya ne, amma ba ranar da ya cika ukun ake farawa ba, sai zangon da ke biye. An haifi yarona 3 ga Afrilu 2022, to bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki ya cika uku, na shirya shi tsaf na kai shi wata nasare kusa da gidanmu, matar ofis ta duba takardar haihuwa ta ce min sai Satumba. Na ce Satumba kuma? Ta zaunar da ni ta min bayani. Yaron da aka haifa daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris yana farawa daga 1 ga Afrilu, na 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Agusta sai 1 ga Satumba, na 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba kuma sai 1 ga Janairu. Kun ga kwana uku kacal ne suka raba mu da zangon Afrilu. 'Yar maƙwabciyata da aka haifa ƙarshen Maris ta fara, nawa yana gida yana leƙenta ta taga in za ta tafi da jakarta. Abin ya min ciwo gaskiya, don lokacin ina aikin kula da tsofaffi, in na dawo daga aikin dare babansa ya fita nasa, ni kuma ba barci sai reno har yamma.

A ganina wannan ne babban aibin tsarin. Yaran da aka haifa farkon Afrilu sun fi kowa jira, wata biyar cur, alhali wanda aka haifa 31 ga Agusta washegari ya shiga.

Awa 15 ɗin kuma na sati 38 ne a shekara, wato awa 570 gaba ɗaya, lokacin da makarantu ke buɗe. In nasaren na aiki duk shekara za su iya baza miki awannin ki riƙa samun kamar awa 11 a sati har da lokacin hutu. Ni na zaɓi na zango, kwana biyar awa uku-uku da safe. Wannan awa 15 ɗin na kowane yaro ne ɗan shekara 3 da 4, ba ruwansu da irin bizar iyaye, ba wata lamba da za ki nema, takardar haihuwa kika kai kika cike fom ɗin nasaren shike nan.

Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne awa 30. Daga Satumba 2025 iyaye masu aiki suna samun awa 30 tun daga zangon da ke biye da cikar jariri wata 9, sharaɗin shi ne kowane ɗaya cikin iyayen yana samun aƙalla kuɗin awa 16 a sati a mafi ƙarancin albashi kuma bai wuce fam 100,000 a shekara ba. Ana nema ta intanet a wajen HMRC, wato hukumar haraji, su ba ki lamba ki kai nasare, dole lambar ta zo kafin 31 ga Agusta ko 31 ga Disamba ko 31 ga Maris, in ta wuce sai wani zangon, kuma duk wata uku sai kin sake tabbatar da bayananki. Mu dai ba mu samu ba, saboda bizarmu irin wadda aka rubuta ba mu da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati ce, ni da maigidan duka. Muna aiki ana cire mana haraji duk wata amma awa 30 ba namu ba ne, wannan kam yana damuna har yanzu. Don haka 'yar uwa ki duba bizarki kafin ki gina tsarin aikinki a kan awa 30. Akwai kuma awa 15 na 'yan shekara 2 ga masu ƙaramin ƙarfi, shi masu irin bizarmu ma suna iya samu in kuɗin shigarsu bai wuce iyakar da aka sa ba, ta wajen kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, ake nema.

To nasaren kanta fa. Tsakani da Allah na yaba. Kafin ya fara sun ba mu kwanakin sabo, ranar farko na zauna tare da shi, rana ta biyu na fita na ɗan lokaci, a hankali har ya daina riƙe min hijabi. Sun ware mai malama guda wadda ita ce tasa, duk abin da ya faru ita zan tambaya. Da ya shiga Hausa kawai yake ji sosai, matar nan ta ɗauko takarda ta ce in rubuta mata kalmomin da yake yawan faɗa, na rubuta ruwa, fitsari, zo, bari, sannu. Ranar da na je ɗaukarsa na ji ta ce mai sannu da ya faɗi a wajen wasa sai da na ji hawaye ya zo min. Kuma ta ja kunnena kar in daina mai Hausa a gida, Turanci zai zo da kansa, haka kuwa aka yi, yanzu yana haɗa duka biyun. Kullum sai sun fita da su waje ko ana yayyafi, da farko hankalina ya tashi saboda sanyi, na saya mai rigar ruwa da takalmin roba, yanzu shi ne abin da ya fi so. Maganar abinci na faɗa musu mu musulmi ne, suka rubuta a jikin sunansa, ba a taɓa kuskure ba. Kafin in sa shi na karanta rahoton da Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da nasare, ta yi a kansu a intanet, ku ma ku karanta na duk inda za ku kai yaro, kyauta ne.

Abin da ban ji daɗi ba shi ne kuɗin gefe. Awannin kyauta ne amma wata na farko aka turo min bil na kuɗin 'ya'yan itace da kayan wasa kamar dole ne, alhali a ƙa'ida nasare na iya cajin abinci da pampas da fita yawo amma ba za ta sa shi sharaɗin samun awannin gwamnati ba. Na je na yi magana cikin mutunci, manajar ta ce zan iya kawo nasa daga gida, aka cire. Da ban tambaya ba da haka zan ta biya. Na biyu, awa uku ba ta isa komai ba ga mai aiki, kafin ki kai shi ki dawo ki ɗan kwanta lokacin ɗauka ya yi, kuma ƙarin awa da kuɗinki akwai tsada sosai. In aka makara wajen ɗauka ma akwai tara.

In maki ne zan ba su huɗu cikin biyar. Shawarata ki sa sunan yaro tun yana shekara 2 don gurbi na cika da wuri, musamman na safe, kuma ki tambayi kuɗin gefe a rubuce kafin ki sa hannu. Wannan duk na Ingila ne, ƙawata da ke Gilasgo ta ce su a Sikotland awa 1,140 ne a shekara kuma tsarinsu daban. Yanzu ina kan cike mai fom ɗin firamare a shafin kansul, zai shiga ajin farko a Satumba 2026 in sha Allah, ana rufewa 15 ga Janairu, kuma zamansa a nasare ba ya ba shi gurbi a firamare kai tsaye ko da a harabar makaranta ɗaya suke, sai an nema daban.