Ina Za a Gudu Daga Zafin Finiks: Wuraren Iyo da Tsofaffin Mashayun Kaboyi

A bazarar 2023 birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka ya yi kwana 31 a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba. Wanda ke zaune a can, ko ya je ziyara tsakanin Yuni da Satumba, ya san ƙarshen mako ba na zaman gida ba ne: mutane na ɗiban iyali su hau tudu, inda iska ke da sanyi, ruwa kuma na gudu. Galibi ana haɗa abu biyu a tafiya guda, iyo da safe, da yamma kuma a leƙa ɗaya daga tsofaffin mashayun zamanin haƙar ma'adinai. Wuraren suna da yawa, amma ba duka ne suka cancanci man motarka ba.

Zaɓin da ya fi kowanne shi ne rafin Fossil Creek, sannan a kwana a garin Prescott.

Abin da ya bambanta Fossil Creek shi ne ruwansa ba na sama ba ne, daga maɓuɓɓuga yake fitowa, kimanin lita 75,000 a kowane minti, kuma ɗuminsa na tsayawa wajen digiri 21 rani da damina. Ma'ana ba ya ƙafewa a watan Yuni lokacin da sauran rafuka suka koma kududdufi, kuma ba ya da sanyin da ke ɗaure jijiya. Ruwan na ɗauke da sinadarin farar ƙasa da ke taruwa a kan duwatsu da rassan itace, shi ne ke gina ƙananan madatsu da tafkuna masu launin shuɗi-kore, har kana hango ƙananan kifaye suna zagaye ƙafarka a ƙasan ruwa. Kusan shekara ɗari ana karkatar da ruwan nan zuwa tashoshin lantarki na Childs da Irving, sai a 2005 aka rufe su aka mayar wa rafin ruwansa, a 2009 kuma gwamnatin Amurka ta sa shi cikin kogunan da doka ke karewa.

Daga Finiks za ka bi babbar hanya ta I-17 arewa zuwa Camp Verde, ka karya gabas a kan hanya mai lamba 260, sannan ka shiga hanyar daji mai lamba 708. Daga nan babu kwalta, kimanin kilomita 22 na duwatsu da gargada da lanƙwashe-lanƙwashe a gefen kwazazzabo. Ka ware wa wannan yankin kusan awa guda. Mota mai tsayi daga ƙasa ake so, da safayar taya mai iska da jak mai aiki, domin dutse mai kaifi na yanka gefen taya, kuma babu sabis ɗin waya da za ka kira a kawo maka ɗauki. Idan motar haya ce ka karanta takardar yarjejeniya tukuna: yawancin kamfanoni sun hana hawa hanyar da ba kwalta, in ta lalace a can inshora ba ta biya. Wani kuskuren da ke cin mutane shi ne bin taswirar waya ta garin Strawberry. Hanyar mota daga can zuwa bakin rafi a rufe take. Abin da ke akwai shi ne hanyar ƙafa ta Bob Bear, kusan kilomita 13 zuwa da dawowa, gangara ta mita 450 da safe, wadda za ta zama hawa a tsakiyar zafin la'asar ba inuwa. Masu aikin ceto na yawan ɗauko mutane daga wannan hanya. Mai yara ya bi ta Camp Verde, ya nemi gurbin ajiye mota na hanyar Dixon Lewis, tafiyar kilomita ɗaya da rabi ce zuwa inda ruwa ke zubowa daga dutse. A gindin wurin ruwa na juyawa yana ja ƙasa, an yi asarar rayuka a nan, don haka yara su sa rigar hana nitsewa, manya kuma su bar tsalle daga sama ko da sun ga samari na yi.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Oktoba ba a shiga sai da takardar izini, kuma wuri ɗaya tak ake samunta, shafin gwamnati na Recreation.gov. Kuɗinta 'yan daloli ne. Ba a sayar da ita a bakin ƙofa, kuma dole ka buga ta a takarda tun daga gida, tunda babu intanet a can. Ranakun Asabar da Lahadi na ƙarewa da wuri, to a nan 'yan damfara ke samun kasuwa. Za ka ga wani a Facebook yana cewa ya fasa tafiya, zai sayar da tasa, a tura masa kuɗi ta Zelle ko Cash App. Abu uku ke faruwa. Ko dai ya karɓi kuɗin ya ɓace, kuma kuɗin da aka tura ta waɗannan hanyoyin da wuya ya dawo. Ko ya aiko hoton takarda ɗaya da ya sayar wa mutum biyar. Ko takardar ta gaske ce amma sunan wani ke kanta, ma'aikacin gandun daji ya duba katin shaidarka ya juya ka, bayan ka ci awa uku a hanya da yara a mota. Akwai kuma shafukan da ke fitowa a saman binciken Google da tambarin talla, masu launi irin na gwamnati, su karɓi kuɗin "hidima" su ba ka abin da ba ya aiki. Ka duba adireshin da idonka, in bai ƙare da .gov ba ka rufe. Idan ranar da kake so ta cika, ka koma Talata ko Laraba, ko ka riƙa leƙa shafin, domin masu fasawa na sakin gurbinsu. Haka zancen yake, har ma ya fi muni, ga Havasupai, wurin da ruwa ke zubowa daga duwatsu a cikin babban kwazazzabon Grand Canyon, wanda hotonsa ya cika waya: ƙabilar Havasupai ce kaɗai ke ba da izini ta shafinta, ba a zuwa a dawo a yini guda, tafiyar ƙafa ce ta kilomita 16. Duk wanda ya ce zai kai ka can ranar Asabar mai zuwa a farashi mai sauƙi, kuɗinka yake so.

Sauran wuraren iyon ba sa buƙatar dogon bayani. Slide Rock, arewa da Sedona, tsohuwar gonar tuffa ce ta iyalan Pendley mai dutsen sulɓi na mita 24. Yara na sonsa, amma wurin ajiye motoci na cika tun da hantsi, ruwan na da sanyi sosai, kuma hukuma kan yi gargaɗi idan gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun yi yawa. Hawa tub, wato robar cikin taya da ake hurawa a zauna kanta a bi ruwa, a kogin Salt kusa da Mesa shi ne mafi kusa, akan ga dawakan daji a bakin ruwa, sai dai Asabar ta 'yan shaye-shaye da kiɗa ce, ba ta iyali ba. The Crack a rafin Wet Beaver na da zurfi da kyau, amma sai ka taka fiye da kilomita 5 a buɗaɗɗiyar rana kafin ka taɓa ruwa. Tafkin Watson na Prescott kuwa na kallo da kwale-kwale ne, an hana iyo a cikinsa.

Abu guda ya shafi dukkansu. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba damina ce a Arizona, hadari na haɗuwa bayan azahar. Ranar 15 ga Yulin 2017 ambaliya ta kashe mutum 10 'yan uwan juna a wurin iyo kusa da Water Wheel, arewa da Payson. Ruwan a kan duwatsu can nesa ya sauka, a ƙasar da gobarar daji ta ƙone, wadda ba ta shan ruwa, sai ya gangaro da toka da kututture. Saboda haka sararin da ke kanka ba hujja ba ne. Ka duba hasashen yanayi na yankin gaba ɗaya kafin sabis ya ɗauke, ka shiga ruwa da safe, ka fita daga kwazazzabo kafin ƙarfe 1. In ruwa ya fara gurɓacewa, ko ganye da itace suka fara wucewa, ko ka ji ruri daga sama, ka hau tudu nan take, kaya su tsaya. A mota ma kada ka ratsa hanyar da aka tare saboda ruwa. Dokar jihar ta ba da damar a caje ka kuɗin ceto. Ruwan sha kuwa, lita 4 ga kowane mutum a yini shi ne mafi ƙaranci, kuma kada a zo da kwalabe masu fashewa.

Batun mashayu, a faɗi gaskiya, wuraren sayar da giya ne har gobe. Amma da rana gidajen abinci ne da iyalai ke shiga don tarihi, ana samun lemo da shayi mai ƙanƙara. Musulmi ya tambaya kafin ya ci: akan dafa wake da kitsen alade, akan ɗora siraran naman alade a kan boga ba tare da an faɗa ba. Kifi ko dankali ya fi kwanciyar hankali. Da dare wasu ba sa barin ɗan ƙasa da shekara 21 ya shiga.

A cikinsu Palace ta Prescott ce ta cancanci tafiya. Daga Camp Verde kimanin awa guda ce, garin na kan tudun da ya haura mita 1,600, da dare har a buɗe taga a yi barci. An buɗe Palace a 1877 a layin Whiskey Row, su Wyatt Earp da Doc Holliday, fitattun 'yan bindigar zamanin kaboyi, sun zauna a cikinta. A watan Yulin 1900 gobara ta cinye layin, mutanen da ke ciki suka ɗauki doguwar kantar katakon mashayar mai sassaƙa suka tsallaka titi da ita zuwa filin kotu. An sake gina wurin a 1901, kantar ta koma mazauninta, ita ce ke nan har yau. Ka je tsakanin ƙarfe 2 da 4, lokacin da babu cunkoso, ka kalli sassaƙar da rufin ƙarfe mai zane a natse, sannan ka fito ka zauna ƙarƙashin itatuwan filin kotu. Makon 4 ga Yuli gasar kaboyi da ake yi tun 1888 na cika garin, ɗakin kwana na tsada, sai an kama tun da wuri.

A nan ma akwai jabu. Katako mai tsufa da ƙofa mai lilo ba su ne tarihi ba. Goldfield, a hanyar Apache Trail, garin zinare ne na 1893 da ya mutu, abin da ke tsaye yanzu an sake gina shi ne a shekarun 1980 don 'yan yawon buɗe ido. Tortilla Flat zangon gaske ne tun 1904, da sirdi a matsayin kujera da takardun dala manne a bango, kusa da tafkin Canyon, amma gobarar 1987 ta cinye tsohon ginin, kuma ba kan tudu yake ba, zafinsa kusan na Finiks ne. Idan allo ya ce "tun shekara kaza", ka tambayi ko ginin ake nufi, ko sunan, ko filin kawai. Jerome, garin jan ƙarfe da aka rufe ramukan haƙar ma'adinansa a 1953, na gaske ne, mashayarsa Spirit Room na cikin otal na 1898, sai dai wurin ajiye mota wahala ne. Mashayar garin Crown King ma ta gaske ce, amma kilomita 40 ne na hanyar ƙasa, kuma bayan ta Fossil Creek tayoyinka sun sha isasshe. Tombstone kuwa, sanannen garin kaboyi, awa uku ce kudu da Finiks, ba rafin da za ka shiga, a bar ta sai hunturu.